Dayasiton alkohol: ruwan da ke ƙulluwa ya warware, da ayyukansa a ɗakunan binciken sinadarai

Dayasiton alkohol, wanda ake rubuta sunansa da Turanci a jikin kwalabe da durom-durom diacetone alcohol, ko DAA a taƙaice, ruwa ne garau marar launi, mai ɗan ƙamshi sama-sama irin na na'a-na'a. 'Yan kasuwar sinadarai sun fi saninsa a matsayin ruwan narkarwa da ake zubawa a fenti da banish da tawadar ɗab'i da ta alƙalamin maka. A ɗakunan binciken sinadarai kuwa, ya shafe fiye da ƙarni guda yana aiki ta fuskoki da dama: da shi ake koyar da ɗalibai, da shi ake auna ƙarfin wasu sinadarai, daga gare shi ake fitar da wasu kayan aikin bincike, kuma shi ne yakan yaudari mai bincike ya ɗauka ya gano abin da babu shi a cikin samfurinsa. Akasarin waɗannan ayyuka sun samo tushe ne daga ɗabi'a guda: asiton ne ya ƙulla da ɗan'uwansa asiton, kuma ƙullin bai da wuyar warwarewa.

Kalmar alkohol da ke cikin sunansa ba ta nufin barasa. A wajen masana sinadarai, sunan dangi ne da ake bai wa duk sinadarin da ke ɗauke da wani reshe na oksijin da haidrojin a jikin kabon. Ba a shan DAA.

Siffarsa

Kowace ƙwayar DAA tana ɗauke da kabon 6, haidrojin 12 da oksijin 2, wato daidai ninki biyu na abin da ke cikin asiton, ruwan nan da mata suka sani a matsayin na goge jan farce. Nauyin ƙwayar ya kai 116 a ma'aunin masana, na asiton kuma 58. Sai dai halayen ruwayen biyu sun yi hannun riga. Asiton yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin Salshiyas, ya kuma bi iska cikin ƙiftawar ido. DAA ba ya tafasa sai zafi ya kai kimanin digiri 167, kuma yana bushewa ne sannu a hankali. Lita guda ta DAA tana da nauyin kusan giram 940, ta asiton kuwa kusan 790. Yana gauraya da ruwan sha ko nawa aka zuba, yana kuma gauraya da akasarin ruwayen narkarwa na masana'antu, abin da ba kowane sinadari ke iyawa ba. Lambar rajistarsa ta CAS ita ce 123-42-2, kuma ita ce ya kamata mai saye ko jami'in sayen kaya ya duba, domin sunaye sukan rikice amma lambar ba ta canzawa.

Yadda ake haɗa shi, da dabarar da ta sa ya yi suna

Masanin sinadarai ɗan Jamus Wilhelm Heintz, na jami'ar Halle, shi ya fara bayyana DAA a shekarun 1870. A daidai wancan zamani ne Charles-Adolphe Wurtz a Faransa da Alexander Borodin a Rasha, wanda duniya ta fi sani da tsara kiɗa, suka gano irin ƙullin da ake kira aldol, inda ƙwayoyin sinadari biyu ke haɗuwa ta hanyar sabon ɗauri tsakanin kabon da kabon. DAA na daga cikin misalai mafiya sauƙi na wannan ƙulli.

A ƙa'ida, haɗa shi ba wuya: a zuba wa asiton ɗan sinadari dangin kanwa da soda, sai ƙwayoyinsa su fara ƙulluwa bibbiyu. Matsalar ita ce sinadarin da ya zuga ƙullin shi ne kuma ke zuga warwarewarsa. Idan aka bar su a tukunya guda, ko da an jira wata guda, ɗan kaɗan ne na asiton zai zama DAA, domin abin da ke ƙulluwa daidai yake da abin da ke warwarewa, kuma rinjayen yana wajen asiton.

Mafitar da ta shahara ta fito ne a 1921, a kundi na farko na jerin littattafan Organic Syntheses, daga James Bryant Conant da Neal Tuttle. Sun yi amfani da wata na'urar gilashi da Franz von Soxhlet ya ƙirƙiro a 1879 domin tatsar maiƙo daga madara. Ana zuba asiton a tulun gilashi a ƙasa, a ɗumama shi. Tururinsa ya hau sama, ya sanyaya, ya ɗigo cikin wani ɗan kofin takarda da aka cika da bariyam haidroksaid. A nan kaɗan daga cikinsa ke zama DAA, sa'an nan ruwan duka ya gangaro ya koma tulun. Asiton ɗin da bai ƙullu ba ya sake tafasa ya hau, amma DAA ba zai iya tafasa a wannan ɗan zafi ba, don haka ya zauna a ƙasa, nesa da sinadarin da zai warware shi. Haka ake ta zagayawa dare da rana, kwana huɗu zuwa biyar, har kusan kashi 70 cikin 100 na asiton ya juye. Daga nan a tace shi ta hanyar tururi bayan an rage matsin iskar da ke cikin na'urar, domin zafi mai yawa yakan lalata shi.

Har gobe malaman jami'a suna kawo wannan misali idan za su nuna wa ɗalibi yadda ake cin galabar haɗin da ke komawa baya: ba a ƙara masa ƙarfi, ana dai janye abin da aka samu daga inda zai lalace, kamar yadda ɗan kasuwa mai hankali ke ware ribar yini daga aljihun cefane. Conant, wanda ya tsara hanyar, ya zama shugaban jami'ar Harvard a 1933.

Agogon masu nazarin saurin haɗuwar sinadarai

Babban aikin DAA a tarihin bincike ya zo ne ta ɓangaren warwarewarsa. Idan aka narka shi a ruwa aka zuba soda, kowace ƙwaya takan rabe gida biyu ta koma asiton. Abin da ya ja hankalin masana shi ne wannan rabuwa tana ƙara girman ruwan. Giram 116 na DAA yakan cika kusan mililita 124, amma giram 116 na asiton yakan cika kusan mililita 147. A cikin ruwan da aka tsarma, ƙarin ba ya kai haka, amma ana iya ganinsa. Sai a zuba haɗin a wani tulu mai dogon siririn wuya, wanda ake kira dilatomita, a ajiye shi cikin ruwan da zafinsa ba ya sauyawa, a riƙa duba yadda ruwan ke hawa wuyan minti bayan minti. Ba a buƙatar ɗibar samfuri, ba a buƙatar na'ura mai tsada. Agogo da ma'aunin tsawo sun wadatar.

Koelichen ya wallafa cikakken nazari a kan wannan a Jamus a 1900, ya kuma nuna cewa saurin rabuwar yana bin yawan sodar da ke cikin ruwan sau da ƙafa: a ninka soda, sauri ya ninku. Wannan ya mayar da DAA wani irin ma'auni. Idan ana son sanin ƙarfin wani ruwa dangin kanwa, sai a zuba masa DAA a ga yadda zai warware shi da sauri. A shekarun 1920, Gösta Åkerlöf ya yi amfani da shi a Amurka wajen nazarin yadda gishiri iri-iri da soda mai kauri ke sauya saurin haɗuwar sinadarai, a lokacin da ake gwada sababbin ra'ayoyi a kan halayen gishiri a cikin ruwa. A 1935, Victor LaMer da Mary Miller sun auna rabuwar a matakan zafi daban-daban domin su ga ko ƙarfin da ake buƙata kafin haɗi ya tashi yana sauyawa da zafi.

Nazarin da ya fi tasiri shi ne na Frank Westheimer, wanda ya fara karatun digirinsa na uku a hannun Conant ɗin nan. A 1938, yana jami'ar Chicago, shi da Herzl Cohen suka bincika yadda sinadarai dangin amoniya, waɗanda ake kira amin, ke warware DAA. Sun lura cewa amin ɗin da ke da sauran haidrojin a jikin naitrojin ɗinsa yana zuga rabuwar fiye da yadda ƙarfin kanwarsa kaɗai zai iya bayyanawa, alhali wanda ba shi da wannan haidrojin ba ya yin haka. Bayanin da ya dace shi ne amin ɗin yana kama DAA ne na ɗan lokaci, ya ƙulla da shi, ya sassauta ɗaurin da ke tsakiyarsa, sa'an nan ya sake shi. A shekarun 1960 aka tabbatar cewa enzayim ɗin aldoles, wanda ke raba sukari gida biyu a cikin tsokar ɗan Adam da dabbobi domin samar da kuzari, da irin wannan dabara yake aiki, ta hanyar wani reshen amin da ke jikinsa. Zaren bai tsinke a nan ba. A shekarar 2000, Benjamin List da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙaramin sinadarin furolin, shi ma amin ne, yana iya zuga ƙullin aldol tsakanin asiton da wasu sinadarai. Aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2021 tare da David MacMillan.

Har yanzu gwajin dilatomita yana cikin littattafan koyarwa na aji uku da aji huɗu a jami'o'i da dama. Ga sashen da kasafinsa bai taka kara ya karya ba, ko wutar lantarki ba ta da tabbas, gwaji ne da ya cancanci a riƙe, domin yana koyar da ainihin lissafin da na'urorin miliyoyin naira ke koyarwa.

Gwajin garin zuga

Masana'antu sun daɗe suna neman maye gurbin ruwan soda da gari ko ƙwayoyi masu tauri waɗanda za a iya tacewa a sake amfani da su, maimakon a zubar da gurɓataccen ruwa a kwata. Masu ƙera irin wannan gari, kamar magnesiyam oksaid da kalsiyam oksaid da wani nau'in yumɓu da ake kira haidrotalsait, suna buƙatar hanyar sanin ko garin nasu yana da ƙarfi. DAA na daga cikin gwaje-gwajen da aka saba yi: ko dai a ba garin asiton a ga yawan DAA da zai ƙulla, ko a ba shi DAA a ga saurin da zai warware shi. Masana a jami'ar Hokkaido ta Japan, irin su Kozo Tanabe da Hideshi Hattori, sun yi ayyuka masu yawa a wannan fanni.

Gwajin yana da wata fa'ida ta biyu. Gari mai halin kanwa yakan mayar da DAA asiton, amma mai halin asid yakan cire masa ruwa ya mayar da shi wani sinadari daban mai suna mesitil oksaid. Saboda haka abin da ya fito daga tulun shi ke bayyana halin garin.

Abubuwan da ake fitarwa daga gare shi

Cire ruwan nan shi ne matakin farko na wata doguwar silsila. A ɗakin gwaji, ɗan ƙanƙanen aidin ya isa: a ɗumama DAA da shi, sai mesitil oksaid ya fito, ruwa mai kaifin wari. Conant da Tuttle sun bayyana wannan hanyar ma a kundin 1921. Daga mesitil oksaid ake haɗa dayimidon, wani farin gari da masana suka daɗe suna amfani da shi wajen kama sinadarai dangin fomalin da tantance su.

Idan aka ƙara wa mesitil oksaid haidrojin, sai a sami ruwan da ake kira MIBK. Wannan ruwa, saɓanin DAA, ba ya gauraya da ruwan sha sosai, don haka ake tsamo ƙarafa da shi daga cikin ruwa. Tsohuwar hanyar auna dalma da kadmiyam a cikin ruwan sha ta dogara da shi. Shi ne kuma ake amfani da shi wajen raba niyobiyam da tantalam, ƙarafa biyu masu kama da juna da ke fitowa tare a cikin ma'adinin kwalambait, irin wanda ake haƙa a tsaunukan Jos tare da kuza.

Idan kuwa DAA ɗin kansa aka ƙara wa haidrojin ba tare da an cire ruwan ba, sai a sami heksilin gilaikol, wanda masu nazarin ƙirar furotin ke kira MPD. Kafin a iya ɗaukar hoton ƙirar furotin ko DNA da hasken eksire, sai an lallaɓa shi ya daskare ya zama ƙanƙara mai tsari kamar ƙwayar gishiri, kuma MPD na daga cikin ruwayen da aka fi zubawa domin hakan ta faru.

Ƙananan ayyuka

A matsayin ruwan narkarwa, DAA yana narka selulos asitet da naitroselulos da ƙaro iri-iri na masana'anta. Jinkirin bushewarsa yana da amfani ga mai binciken da ke son shimfiɗa siririn fim a kan gilashi ba tare da ya yi kumfa ko fari-fari ba. Masu koyar da karatun na'urorin tantance sinadarai kuma suna son sa saboda sauƙin hotonsa: a na'urar NMR layuka huɗu ne rak, babu wanda ya rabe. Yana kuma cikin sanannun misalan ƙwayar da ke lanƙwashewa ta kama kanta da kanta, inda haidrojin ɗin wani reshe ke manne wa oksijin ɗin wani reshen.

Baƙon da ba a gayyata ba

Inda DAA ya fi shafar aikin yau da kullum a jami'o'i da hukumomin gwaji shi ne inda ba wanda ya zuba shi. Asiton na daga cikin ruwayen da aka fi jiƙa ganyaye da saiwoyi da ƙasa a cikinsu domin a tatso sinadaransu, kuma da shi ake ɗauraye kayan gilashi. To, duk inda asiton ya haɗu da wani abu mai halin kanwa, DAA zai iya ƙulluwa. Garin alumina da ake tace samfuri da shi yana yin haka. Ƙwayoyin da ake zubawa domin su tsotse danshi daga asiton suna yin haka. Ragowar sabulu mai soda a jikin kwalbar da ba a ɗauraye da kyau ba ma tana iya yi. Tun da DAA ba ya bin iska da sauri, idan aka busar da asiton domin a tattara abin da aka tatso, shi sai ya zauna, ya ma ƙara kauri.

Daga nan samfurin ya shiga na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta kwatanta su da jerin sunayen da ke cikin kwamfutarta. Na'urar za ta fitar da suna 4-hydroxy-4-methyl-2-pentanone, wanda shi ne cikakken sunan DAA, wani lokaci ma a matsayin sinadari mafi yawa a samfurin. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, sinadarin yana nan. Ba ta dai da hanyar sanin ko daga ganyen ya fito ko daga kwalbar. Ɗalibin da bai gane sunan ba sai ya rubuta cewa ganyen yana ɗauke da shi, ya kuma jingina masa maganin da ake cewa ganyen yana yi. Wannan suna yana yawan bayyana a rahotannin binciken tsirrai na magani daga ƙasashe daban-daban, kuma duk inda aka gan shi a aikin da aka yi da asiton, ya kamata a yi tsai. Abin ya wuce batun makin ɗalibi, domin irin waɗannan rahotanni ne masu sayar da magungunan gargajiya ke kafa hujja da su, su ne kuma ke isa teburin jami'an da ke ba da izini.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe da sanin matsalar. A tsarin ɗakunan gwajin da ke yi mata aikin auna gurɓatacciyar ƙasa, akwai alama ta musamman, harafin A, da ake sanyawa a gaban duk sinadarin da ake zaton ƙullin aldol ne ya haifar da shi yayin aikin, domin kada a ɗora wa wurin laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma labarin wata ciyawa ta kudu maso yammacin Amurka, musamman jihar New Mexico, wadda dokin da ya ci ta kan yi ta gyangyaɗi har na kwanaki. A 1964 wasu masu bincike sun wallafa cewa DAA ne sinadarin da ke kawo barcin. Sai a 1992 wani bincike ya nuna cewa ciyawar tana ɗauke da wasu sinadarai masu ƙarfi dangin alkaloid, waɗanda wata fumfuna da ke zaune a cikin jikinta ke samarwa, kuma su ake danganta barcin da su a yau.

Maganin wannan ruɗani ba shi da tsada. Ana ɗaukar asiton ɗin shi kaɗai, ba ganye ba ƙasa, a bi da shi ta duk matakan da samfurin ya bi, a saka a na'urar. Idan DAA ya bayyana a nan ma, to daga ɗakin gwajin ya fito. Ana kuma iya sake tatsar samfurin da wani ruwan da ba asiton ba, a ga ko sinadarin zai ɓace.

Haɗari da ajiya

DAA ba ya cikin sinadarai masu tsananin guba, amma yana ƙona ido sosai, kuma tururinsa yana damun hanci da maƙogwaro. Shaƙar mai yawa takan kawo ciwon kai da jiri da barci. Hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun ƙayyade kashi 50 cikin miliyan na iskar wurin aiki a matsayin iyaka ga mai aikin awa takwas. Takardun gargaɗi na manyan kamfanonin da ke sayar da shi suna kuma nuna zargin cewa zai iya cutar da ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta nisance shi. A ɗakin gwaji ana aiki da shi ne da tabarau da safar hannu, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Yana kama wuta. Tsantsarsa ba ya fitar da tururin da zai kama sai zafinsa ya kai tsakanin digiri 50 da 60, kuma wannan tazara ba ta da yawa ga durom ɗin da aka bari a rana ko a shagon kwano a watan Afrilu. Na masana'antu yakan zo da ragowar asiton a ciki, shi kuwa asiton yana kama wuta ko da sanyi ya kai ƙasa da sifili, saboda haka durom biyu masu suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai ta fuskar haɗari. A dokokin jigilar kaya lambarsa UN 1148, a rukunin ruwaye masu kama wuta.

Ɗabi'arsa ta warwarewa tana bin sa har rumbun ajiya. Idan aka juye shi a jarkar da aka taɓa zuba soda, sannu a hankali zai riƙa komawa asiton, ya ƙara saurin kama wuta, ya kuma daina yin aikin da aka saye shi dominsa. Idan asid ya taɓa shi, yakan yi rawaya, warinsa ya yi kaifi, alamar mesitil oksaid ya fara taruwa. Ɗakin binciken da zai yi awo da shi yana buƙatar takardar shaidar inganci daga mai sayarwa, wadda ke nuna yawan asiton da ruwa da asid da ke cikin kwalbar, kuma kwalbar da ta daɗe a buɗe sai an sake gwada ta kafin a yi aiki da ita.